Shekara 13 ina gola, kulob tara, har yau gidan haya: in ci gaba ko in ajiye?

Assalamu alaikum Yaya. Dan Allah a ɓoye sunana da garinmu. Ni gola ne, shekarata 32, tun ina 19 da ƙwallo nake cin abinci. Kulob tara na yi, uku a firimiyar Najeriya, biyar a NNL wato rukuni na biyu, sai kaka ɗaya da na tsallaka wata ƙasa maƙwabciya. Ba inda na wuce kaka biyu. Wani wajen koci ake canzawa sabon ya zo da golansa, wani wajen kulob ya faɗi ƙasa a watse, wani wajen kuma albashi ne ya tsaya na tattara kayana. Yanzu haka ina bin kulob biyu bashi, na ƙasar wajen albashin wata biyar, na gida kuma ragowar kuɗin sa hannu.

Ina da mata da yara uku, kuma duk inda na samu kulob da su nake tafiya in ya yiwu, babbar ƴata makaranta uku ta canza. Watan jiya matata ta kwashe yaran ta koma gidansu, ba faɗa muka yi ba, cewa ta yi ba za ta ƙara bina wani gari ba sai na faɗa mata ƙarshen abin nan. Baba kuma ya ce in ajiye in zo shagon yayana na yadi a kasuwa. Abin da na mallaka a duniya fili ɗaya ne.

Yanzu abu uku ne a gabana. Wani babban kulob a kudu na so na a gola na uku, albashi mai kyau amma na san benci ma ba kullum zan hau ba. Wani ƙaramin kulob na NNL kusa da gida na so na a lamba ɗaya, albashin bai kai rabin wancan ba, sun ce kuma in riƙa koya wa ƙananan gololinsu. Sai wani ejan, wato dillalin ƴan wasa, da ya ce zai kai ni gwaji wata ƙasar Larabawa amma sai na kawo naira miliyan biyu da rabi na biza da tikiti da na shi, kuma sai na sayar da filin nan zan iya. Kafaɗata ta dama ma tana damuna tun bara, allura nake yi in buga. Yaya wallahi kunya nake ji, sa'annina sun gina gida, ni a unguwa ɗan yawon kulob ake ce min. Amma in na tuna ajiye safar hannu sai in kasa barci. Me zan yi?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na karanta saƙonka a nitse, kuma kafin mu je kan zaɓi ukun nan bari in fara da kunyar da ka ce kana ji, don ina ganin ita ke neman tura ka ga mafi munin zaɓin. Mutumin da yake jin ya gaza a idon ƴan unguwa shi ne yake sayar da fili don ya yi babban bugu ɗaya da zai rufe bakin kowa, kuma irinsa ejan na ƙarya yake nema.

Ka duba lissafin aikinka da kyau. Firimiyar Najeriya kulob 20 ce, wato duk sati rigar lamba ɗaya guda 20 ce kawai a ƙasar da take da mutum sama da miliyan 200. Ɗan baya in bai samu tsakiya ba a kai shi gefe, ɗan gaba in bai fara ba a sako shi minti 20 na ƙarshe ya nuna kansa, amma gola in ba ciwo ko jan kati ba wa yake canza shi? Kuma ga kulob ɗinmu da yawancin kwantiragi na kaka ɗaya ne ko biyu, koci na zuwa da yaransa yana tafiya da su. Toh a irin wannan tsarin mutum ya yi shekara 13 kullum akwai kocin da zai ɗaga waya ya ce a nemo min wane, gaskiya wannan shaida ce cewa kana da abin da ake so, don wanda ba ya kamawa ko kulob na uku ba ya kaiwa, balle na tara. Ikechukwu Ezenwa ai haka ya yi ta zagaye, Ocean Boys, Heartland, Sharks, Sunshine Stars, Ifeanyi Ubah, Enyimba har Katsina United, kuma shi ne ya tsare wa Najeriya raga a wasannin Kamaru na 2017 lokacin da rashin lafiya ta kwantar da gola na ɗaya Carl Ikeme, ya kuma je kofin duniya na 2018. Chigozie Agbim yana Gombe United ya je na 2014. Yawo a aikin gola abu ne da aka saba, masu kiranka ɗan yawon kulob ba su san yadda kasuwar take ba ne.

Amma fa ba zan yi maka daɗin baki ba. Na san akwai sunaye biyu da ke hana irinku barci, kuma na tabbata ejan ɗin nan ya ambato maka aƙalla ɗaya. Stanley Nwabali, wanda ya bi ta Go Round da Enyimba da Lobi Stars da Katsina United kafin Chippa United ta Afirka ta Kudu ta ɗauke shi a 2022, sai ga shi a Fabrairun 2024 ya tare fenariti biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka duk ƙasa ta san sunansa. Da kuma Edouard Mendy da ya zauna shekara guda ba kulob bayan ya bar Cherbourg a 2014, har rajistar marasa aikin yi ya yi a Faransa, daga baya ya ci kofin zakarun Turai da Chelsea a 2021 ya ci na Afirka da Senegal a 2022. Labaran nan gaskiya ne, sai dai ka kula da shekaru. Nwabali yana 26 ya fita, Mendy yana 22 ya yi zaman nan nasa. Kai kana 32 da kafaɗar da sai an yi mata allura. Eh gola na daɗewa fiye da kowa a fili, Essam El-Hadary na Masar yana da shekara 45 ya tare fenariti a kofin duniya na 2018, amma shi ya riga ya yi suna tun yana matashi kuma jikinsa ya samu kulawar da kai ba ka samu ba a motocin awe, wato na zuwa wasa gidan abokan hamayya, da filayen da suka fi kama da siminti. Abin da nake gani a gabanka, in Allah ya ba da lafiya, shi ne ƴan shekaru masu kyau na kamu, wataƙila uku ko huɗu, kuma tambayar ita ce me za ka gina da su.

Maganar ejan kuwa, ƙanena kar ka sayar da filin nan. Ina roƙonka. Kulob ɗin da yake son ɗan wasa da gaske shi yake aiko takardar gayyata da sunansa da hatiminsa, kuma in dai sun ga bidiyonka sun yaba toh tikiti ba ya gagararsu. Ejan na gaskiya kuma kamashonsa yana fitowa ne bayan an sa hannu a kwantiragi, ba ya karɓar miliyoyi a hannun ɗan wasa tun kafin a ga filin jirgi. Tun Oktoban 2023 FIFA ta ce duk mai aikin ejan sai yana da lasisinta, kuma sunayen masu lasisin na nan a shafinta kowa na iya dubawa, ka sa wani yaro mai waya ya duba maka sunan mutumin nan a gabanka. Sannan ka ce ya faɗa maka sunan ƙasar da sunan kulob ɗin, kai da kanka ka nemi lambar ofishinsu ka tambaya ko sun san da zuwanka. In ya fara cewa sirri ne, ko kar ka ɓata masa harka, ko gobe ne rana ta ƙarshe, ka samu amsarka.

Akwai ma wani abu da ya shafi gololi su kaɗai wanda da yawa ba su sani ba, wasu ƙasashen sam ba sa yarda gola ɗan waje ya buga lig ɗinsu. Masar ta daɗe da wannan dokar, Chaina ma haka, Koriya ta Kudu ta kafa tata a 1999 ta shafe sama da shekara 20 a kai. Kaga kenan ana iya karɓar kuɗin gola a kai shi ƙasar da ko ya fi kowa kamu ba za a iya yi masa rajista ba. Kuma ko inda aka yarda, kulob na da adadin baƙin da zai iya ɗauka, yawanci a kan ɗan gaba mai cin ƙwallo suke kashe gurbin. A 2022 ƙungiyar ƴan wasa ta duniya FIFPRO ta fito fili ta gargaɗi ƴan ƙwallo kan rashin biyan albashi a ƙasashe bakwai, cikinsu har da Libiya da Aljeriya da Saudiyya da Turkiyya. Ba wai kowane kulob a can haka yake ba, amma kai da ka riga ka ɗanɗani wata biyar ba albashi a ƙasar mutane, ka san abin da ake nufi da mutum ya maƙale ba kuɗin komowa. In ejan ɗin ya yarda da kansa, ya sa kuɗinsa ya cire daga baya a rubuce. In ya ƙi shikenan, ku rabu lafiya.

Yanzu matarka. Ita ce ta fi tsaya min a rai a duk saƙon, kuma ina so ka sake karanta abin da ta faɗa maka kamar yadda ka rubuto min. Ba ta ce ka bar ƙwallo ba. Cewa ta yi ka faɗa mata ƙarshen abin. Matar da ta yi ta ɗaure kaya tana kwancewa, tana sabuwar maƙwabta a garin da ba ta jin yarensu, tana neman wa yarinya sabuwar makaranta a tsakiyar zango, ga wata ya ƙare ba albashi ita ce mai sanin yadda za a yi tukunya ta hau wuta, wannan ta gama nuna maka tana tare da kai. Kuma kar ka manta duk ranar da kuka hau motar awe ita a gida zuciyarta ba a kwance take ba, kowa ya ji yadda ƴan fashi suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a Maris ɗin 2015 a hanyarsu ta zuwa Owerri har ƴan wasa biyar suka ji rauni, ga motar Wikki Tourists da ta kama da wuta a Hawan Kibo a 2021. Kai in ka isa ka shiga fili ka manta, ita kuwa tana riƙe da waya har sai ka kira. Abin da ya ƙare mata ba haƙuri da talauci ba ne, rayuwar da ba ta da ranar zama ce ta gajiyar da ita.

Don haka ka je gidansu da ƙafarka, kar ka yi ta waya kuma kar ka aika. Ka gaida surukanka yadda ya kamata, ka yi musu godiya da suka riƙe maka iyali, don na san su ma suna da abin faɗa sun dai yi kawaici ne. Sannan ka zauna da ita ku biyu ka buɗe mata komai, nawa ake ba ka a nan, nawa a can, nawa kake bi, nawa ake binka, har maganar ejan da filin kar ka ɓoye. Ka tambaye ta me take gani kuma ka yi shiru ka ji, ko da abin da za ta faɗa zai yi maka zafi. Daga nan ku yanke abu biyu tare. Na farko gari ɗaya da ita da yaran za su zauna dindindin ko ina ƙwallo ta kai ka, yarinyar nan ta gama makaranta a waje ɗaya. Na biyu wa'adi, misali kaka biyu, wanda in ya cika za ku sake zama ku duba, in jiki da aljihu sun ce a tsaya ka tsaya ba gardama. Ina kyautata zaton in ta ji rana da wata daga bakinka za ka ga wata mata daban. In kuma ta ce ita sai ta ƙara ɗan zama a gida ta ga kamun ludayinka, kar ka ɗauka raini ne, ka ci gaba da aika abin cefane da na makaranta a kan lokaci, wannan zai yi mata magana fiye da rantsuwa.

Toh saura kulob biyun. Ba zan rena gola na uku ba, aiki ne na halak kuma manyan kulob na duniya suna biyan mutum musamman don shi. Scott Carson ya yi shekara shida a Manchester City daga 2019, wasa biyu kacal ya buga, kuma ba wanda ya ce ya yi asara don albashinsa na shiga kuma ana girmama shi a ɗakin canza kaya. Amma shi kwantiraginsa ba ya rawa. A nan gida kai ka fi ni sani, ranar da aka ce za a rage ƴan wasa ko aka canza koci, gola na uku mai shekara 32 shi ake fara sallama, kuma wanda ba ya cikin ƴan wasan ranar sau da yawa bonas ɗin wasa ma ba ya ganinsa ko a ba shi rabi, alhali a lig ɗinmu bonas da alawus su ke riƙe mutum in albashi ya yi jinkiri. Ga haya biyu, ɗaya a kudu ɗaya a gida, ga kuɗin mota in za ka zo ganin yara. In ka cire duk wannan, albashi mai kyaun nan zai ragu sosai. Abin da ya fi ma damuna shi ne bayan kaka ɗaya ba ka buga ba, ba ka da sabon bidiyo, kocina sun manta da kai, ka dawo kana 33 kana neman kulob na goma sha ɗaya daga sifili.

Ni in ka tambaye ni, ƙaramin kulob ɗin nan na kusa da gida nake gani, kuma dalilina shi ne ɗan abin da suka ƙara a ƙarshe kamar ba komai ba, wai ka riƙa koya wa ƙananan gololi. A duk saƙonka wannan ce kaɗai ƙofar da take buɗewa zuwa bayan ka daina kamu. Sai dai da sharaɗi, kar ka yarda ya zama taimako na baki. A rubuta shi a kwantiragi cewa kai ɗan wasa ne kuma mai horar da gololi, da ɗan ƙarin kuɗinsa ko kaɗan ne, don gobe in za ka nemi aiki a wani waje takardar ce za ta ce ka taɓa yi. Ka nemi kaka biyu maimakon ɗaya. A rubuta ranar biyan albashi, a rubuta wa zai biya asibiti in ka ji ciwo a bakin aiki, a rubuta cewa za su sake ka ka je kwas in lokacinsa ya zo. Kuɗin sa hannu kuma ka dage a ba ka kaso mai tsoka kafin ka buga wasan farko, ka riga ka ga yadda ragowa take zama labari. Kuma ka fita daga ofis ɗin da kwafinka mai sa hannun ɓangare biyu a hannunka ranar, kar ka yarda da za mu aiko maka. Kafin duk wannan ka kira mutum biyu ko uku da suka buga musu bara, musamman waɗanda suka bar wajen, ka tambaye su wata nawa aka biya su.

In bincikenka ya nuna su ma ba sa biya, ko suka ƙi rubutawa, toh a nan ne babban kulob ɗin zai dawo cikin lissafi, amma ka je shi da niyya ɗaya, kaka ɗaya ta tara kuɗi. Iyali su zauna a gida, kai ka zauna a masaukin ƴan wasa in suna da shi, ka ware rabin albashi kana tura wa kan filin nan ko bulo ɗari-ɗari ne, kuma ka manne wa kocin gololinsu kana koyon yadda yake tsara tirenin. Wannan ma hanya ce, ta dai fi wuya a kan matarka, don haka sai da yardarta.

Bari in ɗan tsaya kan koyarwar, don ina ganin ba ka san darajar abin da ke hannunka ba. Ka zaga filayen unguwa da makarantun ƙwallo na garuruwanmu da yamma, za ka ga koci ɗaya da yara talatin, gololi biyu an tura su gefe suna buga wa juna ƙwallo ba mai ce musu ga yadda ake tsayuwa, ga yadda ake faɗuwa ba a karya kafaɗa ba, ga lokacin fita kuros ga lokacin zama a layi. Kai kuwa ka yi aiki a ƙarƙashin kocina iri-iri, ka kama a filin ciyawa da na roba da na ƙasa, ka san yadda ake tsare raga a awe ƴan kallo na bayanka suna zagi, ka san zaman benci da yadda yake cin zuciya. Wanda ya yi rayuwarsa a kulob ɗaya bai ga rabin wannan ba. Kuma aikin gola sai canzawa yake, tun 1992 da aka hana kama ƙwallon da ɗan wasanka ya dawo maka da ita da ƙafa, zuwa 2019 da aka yarda a karɓi bugun gola a cikin yadi na 18, zuwa 2025 da aka ce in ka riƙe ƙwallo ta wuce daƙiƙa 8 a ba abokan hamayya bugun kusurwa, kullum ana ƙara buƙatar gola mai ƙafa da saurin tunani, kuma yaranmu ba mai koya musu. Alloy Agu da Ike Shorunmu duk sun tsare wa Najeriya raga suka dawo suka horar da gololin Super Eagles. John Burridge na Ingila kulob 29 ya yi, yana 43 ya buga wa Manchester City a 1995, da ya ajiye ya tafi Oman koyarwa, a can ya gano Ali Al-Habsi wanda ya zo ya yi suna a Bolton da Wigan. Yawon da ya yi shi ya zama jarinsa.

Amma gogewa ba takarda ba ta cika kai mutum ofis. Ka je hukumar ƙwallo ta jiharku ka tambayi yaushe za a yi kwas ɗin lasisin koci na hukumar ƙwallon Afirka, CAF, na matakin farko, ana farawa daga D a hau C, ka kuma tambayi kwasa-kwasan koci na Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, NIS, da ke Surulere a Legas, da duk wani kwas na masu horar da gololi da hukumar ƙwallon Najeriya, NFF, za ta shirya. In akwai abin da ya cancanci ka ci bashi a kansa a wajen yayanka toh wannan ne, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar abin da ejan ke nema ba.

Baba kuma ka fahimce shi, tsoro ne irin na uba, yana ganin ɗansa ya haura 30 ba gida ba jari kuma ya san ƙwallo ba ta da fansho. Bai yi kuskure ba a nan. Kar ka je masa da gardamar Nwabali, ka je masa da tsari, ka ce Baba na ji maganarka, na dawo kusa da gida, ga wa'adin da na ɗauka, ga takardar koyarwa da zan nema, kuma duk ranar da ba tirenin da lokacin hutun kaka ina shagon Yaya. Kuma ka cika, don kasuwa ma sai an koya, wanda ya faɗo mata rana ɗaya yana 35 bai san bambancin yadi da yadi ba wahala yake sha, kuma zama ƙarƙashin ɗan'uwa ba a saba ba yana iya ɓata zumunci. Ka zauna da yayanka tun yanzu ku yi magana ƙarara, yaron shago yake so ko abokin haɗin jari, nawa ne naka, don kar kowa ya riƙe nasa zaton a ciki. In da hali ka je da wani kawu ko aminin Baba da yake jin maganarsa, tsofaffi sun fi sauraron sa'anninsu.

Bashin da kake bi kar ka yafe shi don gajiya, haƙƙin yaranka ne. Ba kai kaɗai ba ne, binciken da FIFPRO ta yi a 2016 kan ƴan wasa kusan 14,000 ya nuna kashi 41 cikin 100 an taɓa jinkirta musu albashi. Na kulob ɗin waje shi ya fi gaggawa, tunda kai baƙo ne a can ƙararka tana iya zuwa kotun ƙwallo ta FIFA kai tsaye kuma ɗan wasa ba ya biyan kuɗin shigar da ƙara, sai dai ba sa sauraron abin da ya wuce shekara 2 da faruwa, don haka ka lissafa watannin yau ɗin nan. Ka tattara kwantiragi, takardar banki da ke nuna watan da aka biya da wanda ba a biya ba, saƙonnin WhatsApp da suke cewa ka yi haƙuri, duk ka adana. Na gida kuma ka fara da rubuta musu takardar neman haƙƙi mai kwanan wata ka riƙe kwafi, in ba su motsa ba ka kai kwamitin sasanci na NFF ta hannun ƙungiyar ƴan wasa ko lauyan da ya san harkar wasanni. Kuma don gaba, dokar FIFA tun 2018 ta ce in kulob ya riƙe maka albashin wata 2, ka rubuta masa ka ba shi kwana 15, in bai biya ba kana da hujjar raba gari ka kuma nemi haƙƙinka. Tattara kaya a tafi shiru shi ke sa daga baya su ce kai ka gudu, har su riƙe maka kiliyarans, wato takardar sallama.

Kafaɗar nan kuma ƙanena ka daina yi mata allura kana shiga fili. Allurar tana kashe zafin ne kawai, abin da ya yage yana nan yana ƙara yagewa duk faɗuwar da ka yi a kanta, kuma ko koyarwar da muke magana sai da kafaɗa, mai horar da gololi yini yake yana jifa da bugu. Kafin ka sa hannu a ko ina ka je asibitin ƙashi ko asibitin koyarwa mafi kusa da kai likitan ƙashi ya duba, in ya ce a yi hoto a yi, in ya tura ka gashi ka je ka gama shi. Abin da likitan ya faɗa shi zai nuna ko wa'adin kaka biyun nan zai yiwu ko sai an rage, don haka da sakamakon a hannu za ka je wajen matarka da Baba. In kulob ɗin sun ba ka kwantiragin, ka ɗauki hotonsa ka turo min kafin ka sa hannu mu duba shi tare.